Gayyar da Injin Clinton Ya Kira

Tun da aka kawo ni gidan nan, babu wanda ya taɓa zuwa gayyata ya koma da yunwa. Ku tambaya daga nan har Kagoro. Wata mace da zannuwa take taƙama, wata da 'ya'yanta na Abuja. Ni tukunyata ce sunana. In na kira mutum goma sha biyu su haƙa mini citta, na ashirin nake dafawa, domin akwai masu ciki biyu, akwai kuma Dattijo Gershon, maƙwabcin gonata, wanda in ya zauna gaban kwano sai ka ce gudun tsere aka sa shi.

Bana gwiwata ta ƙi ni. Citta ta nuna, ganyenta ya bushe ya kwanta, ni kuwa ba na iya zaga gidaje in yi gayya da bakina yadda na saba. Ana cikin haka jikana Clinton ya sauka daga Abuja, da jaka a baya, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da farin takalmi kamar wanda bai yi niyyar taka ƙasa ba. Uwarsa ta ce kwas ɗin kwamfuta ya yi. Shi ya ce injiniya ne. Na tambaye shi gadar da ya gina, ya ce ba irin wannan ba.

"Amaryata," in ji shi, don ya ɗauka wasan jika da kaka lasisin rashin kunya ne, "me ya ɓata miki rai?"

"Ban ga sadakinka ba, kada ka ƙara kirana amarya. Ɗauki fararen takalman nan ka je gidan Gershon, da gidan Jonathan, da sauran da zan faɗa maka. Ka ce Dinah tana gayya ranar Asabar."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Da ƙafa, Kaka? A wannan zamani? Kina da injiniya a gida kina aikensa kamar ɗan tallan gyaɗa?"

Ya ja kujera gindin mangwaro, ya buɗe kwamfutarsa a cinya. Surukata Bernice, matar ƙanin ubansa, tana gefe tana surfen acca, ta rage hannu don ta ji.

"Ga yadda za a yi," ya ce. "Zan yi hayar injuna a Turai. Ba sai na je ba, daga nan inda nake zaune zan tashe su. A cikinsu zan zuba ƙananan 'yan aike, kowanne a akwatinsa, kowanne ya iya buga waya. A kansu akwai shugaba, sunansa Kubanetis. In ɗan aike ya faɗi, shugaban ya ta da wani nan take. In aiki ya yi yawa, ya ƙaro wasu. Ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya cewa babur ɗinsa ba mai."

"Ɗan wane gari ne?"

"Ba mutum ba ne, Kaka."

"To, ba ya jin kunya ke nan."

"Kuma duk da maɓalli ɗaya! Zan rubuta yadda nake son abin ya tsaya, in danna, ya gina kansa da kansa. Zan kuma sa masa mai gadi. Ko wani ya zo ya rushe, mai gadin zai duba abin da na rubuta ya sake ginawa. Ba mai iya kashe shi."

Bernice ta jingine taɓarya. "Duk wannan don a kira mutum goma sha biyu?"

"Anti, yau goma sha biyu ne. Gobe duk gayyar Kudancin Kaduna ta hannuna za ta bi, har da biki da jana'iza. Wata rana za ki ce da mutane kin taɓa dafa mini tuwo."

"Ga rufin gidan Gershon can," na ce. "In ka yi tari mai ƙarfi zai ce maka sannu."

Bai saurare ni ba. Ni ma laifin gwiwa ne. Da ina da ƙafa da ban tsaya ciniki da yaro ba.

Aka shiga ginin abin da ba a gani. Ya danna maɓallinsa na farko, sabis ya ɗauke. Ya hau kan akurkin kaji da kwamfutar, akurki ya lotsa, kaji suka watse cikin shanyar barkono. Ya danna na biyu, aka ɗauke wuta. Ya je shagon Ugomma, 'yar Ibo mai sayar da kayan miya a bakin titi, ya aro janareta, ya cika mana gida da hayaƙi har akuyoyi suna atishawa. Rubutu ja ya cika fuskar kwamfutar, ya ce alamar ci gaba ce. Ya ci abinci, ya ƙara, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke ja. A ƙarshe ya yi wani ihu da ya sa na zaci kunama ce.

"Ya tashi! Kaka, zo ki gani! Kore, duka kore!"

"Rama ma kore ce, ita kuwa ana cinta. Wa ka gaya wa zancen Asabar?"

"Saura muryarki."

Ya ce mutanenmu ba sa karanta saƙo, don haka da muryata injin zai kira su. Ya tura mini waya a baki. Na gyara zama na ce: "Ni ce Dinah. Asabar da sassafe ina gayya a gonar citta. A zo da fartanya. Kada na nemi mutum na rasa." Ban rufe baki ba, garin leƙen wayar ya dafa mini gwiwa mai ciwo da duk nauyinsa. Na ce, "Wayyo Yesu, na mutu! Ka kashe ni!" Ya ce kada na damu, zai yanke wannan. Sannan ya karɓi wayata don ya kwashi lambobi. Na faɗa masa sunayen mutanena ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya ji. Ashe a ransa cewa ya yi inji mai wannan girma a ba shi mutum goma sha biyu raini ne, sai ya juye masa duk lambar da jikokina suka taɓa ajiye mini a wayar, har da ta mai niƙa, da ta wani mutumin Zonkwa da na taɓa sayen zakara a hannunsa.

Juma'a da yamma muna taron zumuntar mata a coci. Matar Fasto tana tsakiyar addu'a, ta kai wajen marasa lafiya, sai waya ta yi kuka a jakar Hellen. Ta ɗauka a ɓoye, sai ga muryata ta fito: "Ni ce Dinah." Hellen ta dube ni, ga ni a gefenta baki rufe, ta dubi wayar, sai ta zame ta durƙusa wa wayar.

"Ina wuni, Mama. Yaya ƙafa? To, Mama. Za a zo, Mama."

Kafin in ce mata ga ni nan, wata jaka ta ɗauka, sai wata, sai bencin gaba duka. Coci ya cika da ni. A gabas ina neman fartanya, a yamma ina mutuwa. Yaron bai yanke komai ba.

Ugomma ta dafe ƙirji. "Mama, kina nan, kina cikin wayana, kuma kin mutu? Wanne zan ɗauka?"

"Ɗauki wadda ke gabanki."

Matar Fasto ta yi ta maza ta koma kan addu'a. Ba ta kai amin ba wayoyi suka sake tashi. Mata suka sake durƙusawa, suka sake gaishe ni da ladabi, suka ajiye. Can sai karo na uku. Nan fuskoki suka sauya. A wajenmu in babba ya aiko maka sau ɗaya, ka zo. In ya aiko sau biyu, ka zo da matarka. In ya kai uku, ba lafiya ba, ka taso gidanka duka har da baƙon da ya kwana. Su da ke ganina da ido na iya gaya musu ƙarya ce. Na Kachia da na Kagarko wa zai gaya musu?

Na ɗingisa zuwa gida na tarar da injiniya yana rawa shi kaɗai gaban kwamfuta.

"Kaka, dubi! Da 'yan aike uku na fara, yanzu sun cika allo! Shugaban da kansa yake ƙaro su!"

"Kashe shi."

"Amma Kaka, wannan tarihi ne..."

"Kashe shi kafin in mai da kai tarihi."

Ya ja tsaki irin na masu ilimi, ya buga 'yan rubuce-rubuce, ya danna da yatsa ɗaya yana kallon sama. Shiru. Ya miƙe ya sunkuya kamar wanda ya gama waƙa a dandali.

"Shi ke nan. Injiniya na gaskiya, yadda ya iya tayarwa haka ya iya kwantarwa."

Daga madafa wayar Bernice ta ce, "Ni ce Dinah."

Mai gadin nasa ya ga an rushe, ya sake ginawa, yadda aka koya masa. Clinton ya rushe, ya gina. Ya sake rushewa, ya sake ginawa har da ƙari. Na ce ya kori mai gadin. Ya ce sai ya shiga wani ɗaki a can Turai, kuma ba a buɗe masa sai an turo wata lamba a wayarsa ya kwafa da sauri. To, lambar wayarsa ma tana cikin wayata. Duk lokacin da ya kai ido zai karanta, sai in kira shi in ce ya zo da fartanya. Kafin ya kore ni, lambar ta tsufa.

"Ƙaramin abu ne," ya ce, gumi yana bin tabarau. "Kafin safe na gama da shi."

Da safe abin da ya tashe ni ba zakara ba ne, babura ne. Na leƙa na ga hanya ta cika. Ɗaliban kwalejin garin Gidan Waya uku-uku a kan babur, fartanya a kafaɗa. Wata a-kori-kura daga Kachia, Alhaji Lawal mai sayen citta a gaba, yaran shagonsa a baya. Dangin mijina na Kagarko sun shigo da kuka tun daga bakin titi, da suka gan ni tsaye da sanda, babbarsu ta haɗiye kukan ta ce, "To, da sauƙi ke nan?" kamar na yi mata asara. 'Yan kwaya sun zo cikin rigunansu masu ruwan hoda, ba su san ko waƙar jana'iza za a nema ko ta noma ba. Fasto da Littafi a hannun dama, fartanya a hagu. Ugomma ta jawo mijinta Uchenna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya riƙe fartanya ta wajen baki. Har mutumin Zonkwa mai zakara ya zo da 'ya'yansa, yana rantsuwa cewa zakaran lafiyayye ya sayar mini.

Na juya na dubi tukwanena. Na mutum ashirin.

Bernice ta matso kunnena. "Mama, ki gaya musu gaskiya. Ki ce kuskure ne, su yi haƙuri su koma."

"Muryar wa suka ji?"

"Taki."

"To, ni na kira su. Mutum ya taso daga Kagarko da fartanya saboda muryata, in sallame shi da baki busasshe? Ki bari sai na mutu da gaske. Buɗe rumbu."

"Wanne?"

"Duka."

Na kira Lawal gefe na nuna masa akuyoyina, tunda in shi ya yanka kowa zai ci. Ya dubi taron, ya dubi akuyoyin.

"Nawa za a kayar, Mama?"

"Wace ce ka ga tana da dalilin rayuwa?"

Ya cire babbar riga ya nemi wuƙa.

Aka aro tukwanen coci, aka aro na makaranta, aka jera murhu daga ƙofar gida har bakin gona. Mata suka kama surfe da niƙa. Maza suka shiga citta, Gershon yana ba da waƙa, 'yan kwaya suna amshi da murya huɗu, abin da gonar nan ba ta taɓa ji ba. Gonata ba wata babba ba ce. Kafin ruwan tukunyar farko ya yi ɗumi, sun tone ta tas, citta ta taru tsibi-tsibi.

Ga inda matsala take: gayya ba ta ajiye fartanya sai uwar gida ta fito ta ce abinci ya nuna. Wanda ya tsaya kafin haka, ya ce da ita rowa take yi. Ni kuwa ko accar ba a gama wankewa ba. Baƙi ba su san iyaka ba, 'yan gari waƙa ta ɗebe su. Suka tsallaka kunya suka faɗa gonar gaba.

Gershon ne a kan gaba, yana juyi yana kaɗa fartanya, yana yabon cittar. "Kai, Dinah ta iya taki! Dubi wannan, kamar tafin hannun ƙato!" Sai da ya yi karo da wani suri da ya sani, ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama. Gonarsa ce. Cittar da ya bari a ƙasa don iri, rabinta tana waje, kuma shi ya fi kowa tonowa.

"Ku tsaya! Jama'a, tawa ce! Tawa ce!"

'Yan kwaya suka ɗauka sabon baiti ne, suka amsa masa da murya huɗu.

Duk wannan kuwa wayoyi ba su huta ba. Jim kaɗan sai in fito daga aljihun kowa. Maza su cire hula, su sa fartanya a hamata, su ce, "Mun zo, Mama, ga mu a ciki," su mai da waya aljihu su ƙara himma, don sun ɗauka ban gamsu ba ne. Daga gonar Gershon suka bi ta dankalin Bernice. Daga nan suka shiga filin ƙwallon yara. Uchenna, wanda tun safe bai tono ko saiwa ba, ya sami wani abu mai tsawo ya ja da murna, sai ruwa ya yi tsiri sama: bututun rijiyar burtsatse ne.

Injiniya fa? Yana saman ɗorawar da ke bayan murhu, wai can sabis ya fi ƙarfi, kwamfuta a cinya, farin takalmi yana lilo. Duk wanda ya wuce ya tambaye shi me ya sami wayoyin gari, sai ya girgiza kai cikin tausayi.

"Kamfanin waya ne, Baba. Abin kunya. Ni ma taimako nake yi, ina magana da manyansu yanzu haka."

"Allah ya yi maka albarka, yaro," in ji Fasto, kunnensa ja saboda sauraro. "Gara da muke da irinku."

"Ba komai, Fasto. Baiwa ce."

Na ji da kunnena, amma hannuna yana cikin gwate, na ajiye maganar a gefe don kada ta huce.

Can ya ɗaga murya. "Kaka! Na samu! Lambar ta shigo, saura in..." Wayar ta ce masa, "Ni ce Dinah." Ya zabura, ya kai hannu zai kore ni, ya saki reshe. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Wannan ɗorawa kawai ya hau, bai ma hango abin da ke ƙarƙashinsa ba. Babban bahon kunun tamba ne, wanda muka dama muka ajiye a inuwa ya huce. Ya shiga da baya, ƙafafu a sama. Kwamfutar ta maƙale a reshe tana lilo, ta fi shi wayo.

Kunun mutum ɗari. Na ajiye muciya na je na kamo kunnensa na tsamo shi.

"Yanzu za ka gaya mini. Abin nan me yake so? Ko maye in ya kama mutum akwai abin da yake nema."

"Amsa yake jira, Kaka."

"Tun jiya ake amsa masa! Har da durƙuso!"

"Ba ya jin magana. Sai an danna ɗaya. A ƙarshen saƙon an faɗa, a danna ɗaya in za a zo. In ba a danna ba, ɗauka yake ba a ji ba, sai ya sake kira, ya ƙaro 'yan aike."

Gershon ya iso daidai nan, da cittarsa a hannu kamar gawar ɗa.

"Dattijo," na ce, "ka ji wata murya ta ce a danna ɗaya?"

"Na ji wani abu can ƙarshe. Amma ina cikin magana da babba zan hau danne-danne? Ba haka aka rene ni ba."

Na ce da Bernice ta kifa mini turmi in hau. Clinton ya riƙe mini zane da hannunsa mai kunu.

"Kaka, kada su danna."

"Don me?"

"Kawai... kada su danna a taro. Kowa ya je gida ya danna."

"Sakar mini zane."

Mata biyu suka ɗora ni kan turmi. Ban taɓa buƙatar lasifika ba a rayuwata. Na ce kowa ya ajiye fartanya ya fito da waya, in na sake kira kada a gaishe ni, na yafe, a danna ɗaya. Wasu tsofaffi suka ce ba za su iya ba sai na juya baya. Na juya. Wayoyi suka yi kuka, aka danna.

Shiru ya sauka, irin wanda ban ji ba tun jiya. Har kukan kurciya na ji. Fasto ya ɗaga hannu zai ce Halleluya.

Sai kiɗa ya tashi daga kowace waya a lokaci guda, kiɗa irin na labaran rediyo, sannan wata murya mai yanga ta cika gona:

"Mun gode da amsawa. Wannan kira ya zo muku ne daga Injiniya Clinton, jikan Mama Dinah, wanda shi kaɗai ya tsara shi, ya gina shi, ba tare da taimakon kowa ba. In kuna son irinsa a bikinku ko jana'izarku, ku neme shi. Injiniya Clinton: in ya kira, dole a zo."

Kawuna suka juya a hankali, kamar ganyen masara in iska ta bi ta kansa, suka tsaya kan wani abu da ke tsaye gindin ɗorawa yana ɗigar kunu.

"Kamfanin waya," in ji Fasto.

"Baiwa," in ji Ugomma. "Yaro, daren jiya mijina ya sa waya cikin buhun garin rogo ya zauna a kai, duk da haka Mama yana mutuwa a ƙarƙashinsa!"

"Ni mota na ɗauko shata," in ji babbar Kagarko. "Na yi kuka tun daga gida, na banza!"

Clinton ya goge tabarau da riga, ya ƙara shafa musu kunu. "In kun duba ta fuskar fasaha, tsarin bai faɗi ba ko sau ɗaya..."

Gershon ya ɗaga fartanya. Na buga sanda a turmi.

"Ba a dukan kowa a gayyata da yunwa a ciki. Abinci ya nuna!"

Aka zauna layi-layi daga gindin mangwaro har filin ƙwallon da aka nome. Gwaten acca, tuwon masara, faten wake da doya, naman akuya. Maimakon kunu aka jiƙa tsamiya da citta, wadda dai ba mu rasa ba. Na tsaya da ƙafata mai ciwo a kan kowace tukunya ina kallon hannun mai rabo. Wanda ya miƙo kwano sau biyu an zuba masa. Uchenna ya ci kamar wanda ya nome duniya. Gershon ya ci yana huci, ya ƙara yana huci. Da mutumin Zonkwa ya suɗe hannu ya yi gyatsa, na leƙa tukunya ta ƙarshe na ga ƙarfe yana kallona. Rumbu wayam, turke wayam. Amma ko yaro ɗaya bai tashi yana waige ba.

Sai sallama. Jonathan ya fara zuwa, ya rusuna. "Mun gode, Mama. Tawa gayyar sati mai zuwa ce."

Bayansa Hellen. Bayanta wani daga Kwoi da ban taɓa gani ba. Gayya rance ce. Duk gidan da ya taka gonarka da fartanya, gidanka zai taka tasa. Layin masu faɗa mini ranarsu ya kai bakin titi. Bernice ta dube ni da ido kamar za ta yi kuka.

"Mama, wa zai je duk waɗannan gonaki?"

Na nuna da sanda. "Kun ji da kunnenku, shi kaɗai ya tsara, ba da taimakon kowa ba. Kowa ya gaya masa ranarsa. Dattijo, kai ne farko. Cittarka da aka tono, shi zai tsaga ta ya shanya."

"Har Kagarko, Kaka?" in ji Clinton.

"Har Zonkwa. Suna ciyar da 'yan gayya, ka ga ni ma na huta da bakinka."

Da mutane suka watse ya lallaɓo wajen murhu da kwano a hannu, kunu ya bushe masa a gashi, ƙudaje suna rakiya. Ya buɗe wannan tukunya, ya buɗe waccan.

"Kaka, ni ban ci ba."

"Na sani."

"Ke kika ce ba mai barin gayyarki da yunwa."

"Wanda ya zo gayya na ce. Kai kira ka yi. Lashi rigarka, akwai rabon mutum biyar a jikinta."